Jan bulon da ke ƙarƙashin koren fenti

Duk shekara da zarar ruwan Agusta ya kankama, bangon gabas na falon Malam sai ya fara zubar da fenti. Daga ƙasa abin ke farawa, kamar kamu biyu daga daɓe. Koren fentin ya kumbura kamar bororon ƙuna, ka taɓa da yatsa ya fashe, wani farin gari mai kama da kanwa ya zubo. Mu share, mu jawo doguwar kujera mu kare wurin, baɗi a maimaita. Bayan rasuwar Malam gidan ya dawo hannuna ni da ƙannena. Hajiya ta ce ita da barin Tudun Wada sai dai gawarta, ko da wani zai gina mata bene a Unguwar Rimi, don haka na ƙudurta gyara mata falon yadda za ta riƙa karɓar baƙinta ba tare da jin nauyi ba.

Niyyata ta farko ita ce abin da kowa ke yi yanzu a Kaduna: a kankare, a yi filasta, a bi da shafen POP ya yi sumul, a zuba fenti mai sheƙi. Ranar da na sa ƙarfen kankara na ɗaga wani ɓawon fenti mai faɗin tafin hannu, sai na ga ja. Babu filasta a ƙarƙashi. Ƙonannen jan bulo ne, an jera shi layi-layi, wani ja jawur, wani ya yi duhu kamar goron da aka tauna, wani gefensa ya yi baƙi inda wuta ta fi cinsa. A gidan aka haife ni, amma ban taɓa sanin haka bangon yake ba.

Na kira Hajiya ta gani. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Ai Malam bai taɓa yi masa filasta ba. Haka na tare na same shi. Sai da bikin Yayarku ya zo aka shafa masa fentin mai, daga nan kuma duk Sallah sai a ƙara."

A ranar na fasa maganar filasta. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan yi da shi, domin jan bulo tsirara yana cinye hasken ɗaki, ga falon taga ɗaya gare shi.

Akwai wani dattijo mai fenti a layinmu, abokin Malam ne, tare suke sahun gaba a masallaci. Ya daina hawa tsani amma idonsa na nan. Da na kai shi falon, bai ko dubi fentin ba. Ya dafa bangon da bayan hannu, ya durƙusa ya lakato farin garin ya murza, sannan ya ce in zo mu zagaya bayan gida.

"Baba, ai cikin ɗakin nake so a gyara," na ce.

"Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Ciwon a ciki yake nunawa, amma daga waje yake shiga."

Ga shi kuwa. Indararon bayan ya tsage tun ban san yaushe ba, ruwan kwano yana sauka daidai gindin bangon. Sannan jar ƙasar da aka yi ta zubawa a lungun don maganin taɓo ta taru har ta fi daɓen falon tudu. Bayanin da ya yi min a tsaye a lungun nan shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Jan bulo yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi idan ya sami iska. Fentin mai kuwa fata ce da ba ta barin komai ya wuce. Ruwan da ya shigo ta baya yana narkar da gishirin da ke cikin bulo da siminti, ya taho da shi fuskar bango, ya tarar da hanya a toshe, sai ya taru ya ture fentin. Farin garin nan da muke ta sharewa gishirin ne. Da na yi filasta da POP a kai, da damina biyu ta isa su ma su kumbura.

Muka sa sabon indararo da bututu, aka kwashe ƙasar, birkila ya yi ɗan daɓen siminti mai gangara zuwa kwata. Daga nan sai jira. Ruwa ya ɗauke a Oktoba, amma Baba ya ce bango mai kauri ba ya bushewa rana ɗaya da ƙasa. A ƙarshen Nuwamba ya sa na kankare wurare biyu, ɗaya can ƙasa ɗaya wajen kafaɗa, muka manna leda mai kauri da salatif ta kowane gefe. Bayan kwana biyu muka ɗaye. Da akwai sauran danshi da an ga raɓa a cikin ledar, bulon kuma ya yi duhu. Duka biyun a bushe suke ƙayau.

Cire fentin shi ne aikin da ya fi cin rai, kuma nan ne nake so mai karatu ya yi hattara. Da yawan fentin mai na zamanin da yana ɗauke da dalma a cikinsa, musamman rawaya da ja da kore. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, ba zai so ƙurar tsohon fenti ta tashi a gidan da yara ke rarrafe ba. Na ɗauki namu a matsayin mai ita. Muka kwashe kayan falon kaf, jikokin Hajiya aka hana su shiga sashen, muka shimfiɗa leda a ƙasa, muka sa takunkumi da safar hannu. Ba mu taɓa da samfefa a bushe ba. Mu fesa ruwa, mu kankare, mu tattara ɓawon tun yana jiƙe mu ɗaure a leda. Inda ya kafe muka shafa maganin cire fenti, wanda warinsa ke hawa kai, sai da taga da ƙofa a buɗe. Wani yaro mai injin goga ya ce a ba shi awa uku ya gama. Baba ya ƙi, domin injin zai cinye fuskar bulon da wuta ta gasa ta yi tauri, ya bar cikin mai taushi a waje, ga ƙura da zai tayar ta cika gidan. Ko burushin waya ma sai da muka ajiye shi bayan na ga yana zana wasu bulon da ba su ƙonu sosai ba, muka koma burushi mai taurin gashi irin na wanke daɓe. Ni da ƙanena kwana tara muka yi a kan bango ɗaya, bayan La'asar da kuma Asabar da Lahadi.

Gishirin da ya rage a ƙasa da busasshen burushi muka kakkaɓe shi. Idan aka wanke da ruwa narkewa yake ya koma ciki, ya sake fitowa daga baya.

Da bangon ya fito fili sai aka ga simintin da ke tsakanin bulon ya ruɓe a layuka shida na ƙasa, har ana iya tono shi da ƙusa. Birkila ya ƙwaƙule shi zurfin gaɓar yatsa ya cike da sabo. Haɗin da Baba ya tsaya a kai shi ne siminti awo 1, farar ƙasa (wato laim) awo 1, yashi awo 6. Birkilan ya so ya ƙara siminti don ya yi ƙarfi, Baba ya ce abin da ke tsakanin bulo dole ya fi bulon taushi, in ba haka ba idan gini ya motsa gefen bulon ne zai fashe maimakon cikon. Aka bar shi mako huɗu.

A cikin makonnin nan ne na yi ta binciken irin adon da ake yi wa bangon bulo, na tsayar da guda uku. Maimakon gardama da baki, muka gwada kowanne a ɓangaren da kabad za ta rufe, faɗin kamu uku-uku.

Na farko fentin ruwa ne fari, aka tsinka shi rabi fenti rabi ruwa, a shafa da burushi a bi da tsumma a goge tun bai bushe ba. Shi ya fi sauƙi da sauri, kuma ba laifi. Sai dai farinsa a kwance yake, iri ɗaya ko'ina, kamar ƙura ce ta sauka a bangon. Na biyu shi ne wanda a intanet ake danganta shi da Jamusawa: a kwaɓa farin siminti da yashi mai laushi, a yaɓa da cokalin gini a kan layukan da wani sashe na bulon, a kankare kafin ya kama. Ƙanena shi ya so, ya ce ya yi kama da tsofaffin gidajen Turai. Ni na ga matsala biyu. Idan ya bushe ba gyara sai da guduma. Sannan gargajensa wurin kwanan ƙura ne, duk wanda ya san yadda hunturun Kaduna ke shafa wa komai hoda ya san wa zai sha wahalar gogewa.

Na uku farar ƙasa ce tsararo. Lokacin da Baba ya shafa ta na ɗauka wasa yake, domin kamar ruwan wanke shinkafa ya zuba wa bangon, jan bulon yana nan yadda yake. Washegari da na shiga bayan Asuba sai na tarar wurin ya yi fari mai laushi, wani bulon ya sha da yawa ya yi fari fat, wani ya sha kaɗan jansa yana leƙowa kamar kumatun jariri. Hajiya ta zo ta duba ukun, ta nuna na ƙarshe ta ce ya tuna mata ɗakin kakarmu a Zariya. Magana ta ƙare.

Farar ƙasar da nake nufi ita ce ta buhu wadda 'yan kasuwa ke kira laim. Ana yinta ne daga irin dutsen nan da masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana ke haƙa. A ƙona shi da wuta mai tsanani, a jiƙa da ruwa, ya zama gari. Idan aka shafa a bango, sai ya riƙa jan iskar kabon daga sararin ɗakin a hankali yana komawa dutsen da ya fito. Shi ya sa ba ya ɓarewa kamar fenti, yana shiga ramukan bulon ne ya zauna, danshi kuma yana ratsa shi ya fita. Baba ya ce da can wasu kan ɗebo ragowar kabayid daga wurin masu walda a Panteka su yi shafe da shi, tunda asalinsu ɗaya, amma yana da toka-toka da wari. Mu wurin masu sayar da kayan kiwon kaji muka samu, domin masu gonar kaji suna barbaɗa shi a ɗakunan kajinsu.

Na cika rabin bokitin fenti mai lita 20 da ruwa, na riƙa zuba garin a ciki ina juyawa da sanda har ya yi kauri kamar kindirmo, na ƙara ruwa ya sha kansa, na rufe kwana uku. Ranar aiki ake ɗiban wannan a tsinka, kamar awo 1 a ruwa awo 3, har ya koma kamar madarar shanu. Idan ya kai kaurin koko ya yi yawa. Muka tace da yankin tsohon gidan sauro saboda tsakuwa. Tsofaffi kan ɗiga bula a ciki don farin ya yi haske, amma ni ba farin asibiti nake so ba, sai muka nemi garin kalar da ake zuba wa siminti idan za a yi daɓe, rawaya da ɗan ja. Irin wannan kalar daga tsatsar ƙarfe take, farar ƙasa ba ta cinye ta, alhali wasu kalolin fenti na kwalba dusashewa suke a ciki. A dama kalar daban da ruwan ɗumi kafin a zuba, in ba haka ba za ta riƙa fashewa a bango tana jan layi. Kuma abin da ido ya gani a bokiti ba shi zai gani a bango ba, yana bushewa yake yin haske sosai. Sau biyar ina shafawa a gutsuren bulo ina ajiyewa a rana kafin na sami launin da nake nema, kamar na ƙwaryar da ba a daɗe da fafewa ba. Na haɗa wanda zai ishi bangon gaba ɗaya a lokaci guda, domin ba a dace da launi sau biyu.

Shafen farko na ɓata shi, kuma laifina ne. Tsakiyar Janairu ce, hunturu ya buɗe sosai, leɓe na tsagewa. Baba ya tafi jana'iza Rigasa, ni kuma na ƙosa. Na ɗan yayyafa wa bangon ruwa, na bar taga a buɗe, na fara da rana tsaka. Da na ga kamar ba ya kamawa sai na rage ruwan haɗin na ƙara kauri. Kafin in sauko daga tsani saman ya bushe fari ƙal, na ji daɗi. Da yamma ƙanena ya jingina da bangon, ya tashi bayan rigarsa kamar ya kwanta a buhun fulawa. Na shafa da tafin hannu, gari ne kawai. Ga wuyan hannuna na dama, inda ruwan ya gangaro ta bakin safar, ya yi ja yana raɗaɗi, sai da ya yi mako yana saɓa. Farar ƙasa tana ƙuna, kuma a ido ta fi haɗari, tun daga ranar ban sake ɗaukar burushi ba tabarau da riga mai dogon hannu ba.

Baba da ya gani bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba bushewa ake so ta yi ba, ɗana, kamawa ake so. In ruwa ya gudu ya bar ta, da me za ta kama?" Komawar nan da take yi dutse sai da ɗan danshi, iskar hunturu kuwa ta ɗauke shi cikin mintoci.

Muka kakkaɓe garin da busasshen burushi, muka sake daga farko. Tun dare na jiƙa bangon sharkaf da abin feshin gona da ba a taɓa zuba masa magani ba. Bayan sallar Asuba na sake fesawa, na jira har sheƙin ruwan ya ɓace amma bulon na nan da duhunsa. Taga a rufe, ƙofa a rufe, jiƙaƙƙun buhunan algarara biyu a rataye. Babban burushi mai faɗi, ba rola ba, domin rola ba ta shiga layuka. Baba yana zaune a kujera yana ba da umarni: a fara daga sama, a riƙa gicciya hannu dama da hagu kada a ja layi miƙe, a tura cikin ramuka, a juya bokiti duk bayan tsoma uku saboda garin na kwanciya, kada a tsaya a tsakiyar bango har bakin shafen ya bushe, in ba haka ba tabon mahaɗar zai fito. Da Azahar da Magariba na bi da feshi mai laushi kamar raɓa. Kwana biyu sannan aka yi na biyu.

A shafe na biyu ne adon yake. Bayan kamar minti 20, lokacin da ya fara dusashewa amma bai kama ba, sai in ɗauki jiƙaƙƙen soso in goge fuskar wasu bulon jansu ya fito, wani gaba ɗaya, wani gefe ɗaya kawai. Na lura hannu yana son tsari ko mutum bai nufa ba. Na duba sai na ga ina goge kowane bulo na huɗu, abin ya fara kama da zanen tabarmar roba. Dabarar da ta fisshe ni ita ce in bar bulon ya zaɓa: waɗanda suka fi ƙonuwa, masu duhun nan, dama ba sa shan farar ƙasar sosai, su nake buɗewa, tunda wanda ya jera su bai bi wani lissafi ba. Duk bayan bulo goma in sauko in je bakin ƙofa in duba daga inda baƙo zai fara gani. Shafe na uku ban game bangon da shi ba. Sama kusa da silin na ƙara don ya mayar da hasken taga, tsakiya na bar ja ya fi yawa, daidai inda idon wanda ke zaune zai sauka.

Akwai ɗan alkuki a bangon inda Malam ke ajiye fitila da Alƙur'aninsa. Hajiya ta roƙi a yi dagi a samansa. Zanen bango ba baƙon abu ba ne a wurin mutanen Zazzau, garin da mashahurin maginin nan Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, kuma har yau akwai soraye a cikin birni da ke ɗauke da dagi a goshinsu. Sai dai su a kan laka mai laushi suke fitar da shi, ni kuwa bulo ne mai layuka da ramuka. Na zana dagin a tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti, na yanke da reza, na manna. Gwajin farko a gutsuren bulo ya nuna min cewa ruwan kala yana bin ƙarƙashin takardar ya malale a layin siminti. Sai na koma busasshen hannu: in tsoma ɗan guntun soso a farar ƙasa mai jar kala, in matse a tsumma har ya kusa bushewa, in riƙa dangwalawa a tsaye ba tare da ja ba, sau uku ana hutawa. Inda zanen ya ratsa layin siminti na bar shi, da na cire takardar na haɗa da ƙaramin burushin 'yan makaranta. Ƙafar dagin ta hagu ta ɗan fi ta dama kauri. Na so in gyara, Hajiya ta ce in bar mata abinta.

Damina ɗaya ta wuce tun daga lokacin. Ba abin da ya kumbura. A kusurwar ƙasa ta dama, bulo uku sun sake fitar da ɗan gishiri a Satumba, ragowar wanda ya daɗe a ciki ne, na kakkaɓe da burushi shafen bai motsa ba. Abin da farar ƙasa ba ta jurewa shi ne maiƙo da guga. Inda ƙawayen Hajiya ke jingina kai a bayan doguwar kujera ya ɗan yi duhu, kuma ba a wanke shi da sabulu kamar fentin mai. Na matsar da kujerar taƙi ɗaya daga bangon. Ragowar haɗin yana nan a bokitinsa a ɗakin ajiya, ruwa ya sha kansa, murfi a rufe, haka yake zama ba ya lalacewa muddin iska ba ta taɓa shi ba. Ina jiran a yi ruwan farko iska ta yi laushi, in jiƙa wurin in bi shi da shafe ɗaya kafin Babbar Sallah.